Yadda Za Ka Zaɓi Fedar Amon Jita Mai Araha da Inganci

Jitar lantarki idan ta fito daga amfilifaya kai tsaye, sautinta busasshe ne. Kana kaɗa tsirkiya ya fito, kana dafe ta ya mutu nan take, kamar mutum na magana a cikin ɗakin da aka cika da katifu. Fedar amo, ɗan akwatin da ake sawa tsakanin jita da amfilifaya ana takawa da ƙafa, wadda ake rubuta Reverb a jikinta, ita ce ke mayar wa sautin abin da bango da rufi suke ba shi a zahiri, wato wutsiyar nan da ke biyo bayan kiɗa tana dusashewa a hankali. Kada ka haɗa ta da fedar maimaici da ake rubuta wa Delay. Waccan tana dawo maka da sautin ɗaya bayan ɗaya har kana iya ƙirgawa, ita kuwa fedar amo dubban dawowa ne a cakuɗe, kunne ba ya iya rarrabe su.

An ce araha ba ta ado, amma a kasuwar fedar amo maganar ta ɗan sassauta. Kusan duk fedar amo da ke kasuwa yau ta dijital ce, ƙaramar kwamfuta ce a cikin akwatin ƙarfe, kuma ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin ta yi sauƙin kuɗi ƙwarai. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi zai iya samun abu mai kyau, in dai ya san abin da zai saurara da abin da zai duba kafin ya miƙa kuɗi.

Fara da sanin irin amon da kake nema

Yawancin masu yin asara a nan suke yin ta. Mutum ya ga feda mai nau'in amo goma sha biyu ya saya, ya dawo ya tarar guda ɗaya yake amfani da shi, kuma shi ɗin ma bai yi daɗi ba. Nau'ukan da za ka riƙa gani a rubuce su ne waɗannan.

Spring, amon sifirin. Asalinsa akwati ne mai siraran sifirin na ƙarfe biyu ko uku, ana tura sauti ta gefe ɗaya yana girgiza su, ana ɗauka ta ɗaya gefen. Kamfanin Hammond ne ya fara sa shi a ogan ɗinsa na lantarki, kayan kiɗa mai madannai kamar fiyano, sannan Fender ya fitar da akwatin amo mai zaman kansa a 1961, ya kuma sa shi cikin amfilifayar Vibroverb a 1963. Yana da wata ɗigowa, kamar ɗigon ruwa a tulu, duk sa'ad da ka kaɗa tsirkiya a dafe. Wannan ɗigon shi ne mafi wuyar kwaikwayo, kuma nan fedoji masu araha suka fi faɗuwa: sai su ba ka amon ɗaki mai ƙarar gwangwani su kira shi sifirin.

Plate, amon faranti. Kamfanin EMT na Jamus ya ƙera EMT 140 a 1957, wani ƙaton farantin ƙarfe da ake ratayewa cikin firam, na'urar gaba ɗayanta tana da nauyin kusan kilo 270. Amonsa mai santsi ne da haske, yana cika wuri nan da nan ba tare da ka ji siffar ɗaki ba. Idan feda ɗaya za ka saya kuma kana kiɗa tare da ganga da sauran kayan kiɗa, shi ne ya fi zama lafiya, domin ba ya cunkushe ƙasan sauti.

Room da Hall kwaikwayon ɗaki ne da babban zauren taro. Na ɗaki gajere ne, wutsiyarsa ba ta cika kai daƙiƙa ɗaya ba. Na zaure kan kai daƙiƙa biyu ko fiye. Akwai kuma Modulate, mai ɗan lanƙwasa wutsiyar tana kaɗawa, da Shimmer, mai ɗaga wutsiyar zuwa siririyar murya sama da abin da ka kaɗa. Shimmer yana burge mutum a minti biyar na farko, amma shi ya fi cin ƙarfin ƙwaƙwalwar feda, kuma a feda mai rauni yana fitowa da kaifi mai soke kunne. Kada ya zama shi ne dalilin sayenka sai in irin kiɗanka ke nan.

Kafin komai ma, duba amfilifayarka. Idan tana da akwatin sifirin na gaske a ciki, to ba ka bukatar fedar da za ta kwaikwayi sifirin. Nemi wadda ta iya faranti da zaure.

Abin da ke cikin akwatin

Sanin wannan zai hana a sayar maka da fenti. Fedoji da yawa, masu araha da masu tsadar da ƙananan maƙera ke haɗawa da hannu, ƙwaƙwalwa iri ɗaya suke amfani da ita, FV-1 ta kamfanin Spin Semiconductor, wadda Keith Barr, wanda ya kafa Alesis, ya tsara. Wasu kuma suna amfani da wani ɗan bulo na Belton, mai ɗauke da ƙananan ƙwaƙwalwar maimaici PT2399 guda uku a ciki. Bulon yana ba da amo mai kama da sifirin, mai ɗumi, amma yana da wata 'yar kaɗawa da ba a iya kashewa, kuma a samfurin BTDR-2 tsawon wutsiyar a ƙayyade yake. Shi ya sa za ka ga feda mai mamurɗi ɗaya tak ko biyu. Ba laifi ba ne in sautin ya yi maka, amma ka san ba za ka iya tsawaita shi ba.

Manyan kamfanoni irin su Boss da TC Electronic da Electro-Harmonix suna rubuta lissafin amonsu da kansu. Bambancin feda mai kyau da marar kyau yana cikin wannan lissafi, da ingancin sassan da sautin jitarka ke bi, da ƙarfin makunnin ƙafa da ramukan waya. Yawan nau'in amo da aka jera a jiki ba ya gaya maka komai game da waɗannan ukun.

Mamurɗai ukun da ba a yi ba tare da su ba

Na farko shi ne na gauraya, Mix ko Level, mai ƙayyade yawan amo a kan busasshen sauti. Na biyu na tsawon wutsiya, Decay ko Time. Na uku na haske da duhu, Tone. Feda marar na ukun nan za ta ba ka wahala, domin amon da ya yi daidai a amfilifaya mai duhun sauti zai zama tsaki a mai haske, kuma ba ka da yadda za ka rage shi ba tare da ka dusashe jitar kanta ba.

Idan ka samu mai na huɗu, Pre-delay, to ka yi sa'a. Shi ne ɗan jinkirin da ke tsakanin kaɗawarka da farawar amo. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka jinkirin milisakan 30 daidai yake da bangon da ke nesa da kai mita biyar, sautin ya je ya dawo. Wannan ɗan ratar shi ke barin farkon kowace kaɗawa ta fito fes kafin amo ya lulluɓe ta. A fedar Hall of Fame ta TC Electronic akwai ɗan makunni na gajere da dogo don wannan aikin.

Waɗanda suka cancanci ka saurara

Boss ne ya fara sa amon dijital cikin ƙaramar feda, da RV-2 a 1987. RV-5 ta fito a 2002, RV-6 kuma a 2015 da nau'in amo takwas. Akwatin Boss na ƙarfe ne mai jure taku, kuma RV-5 ta hannu na cikin abin da ya fi dacewa da mai neman sauƙi, musamman amonta na Modulate wanda makaɗa ke nema har yau. Amonta na sifirin kam ba shi ne ƙarfinta ba.

Hall of Fame ta fito a 2011, ta biyunta a 2017. Tana da tsarin TonePrint, wanda ke ba ka damar tura sabon salon amo daga wayar hannu zuwa fedar ta fikof ɗin jita, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu. Tunda ta biyu ta fito, ta farkon ta yi sauƙi a kasuwar kayan hannu, alhali amon ɗaki da faranti da zaurenta ba abin da ya same su. Skysurfer ta kamfanin ɗaya ta fi ta araha, nau'i uku ne kawai, sifirin da faranti da zaure, a akwatin ƙarfe.

Holy Grail ta Electro-Harmonix mamurɗi ɗaya gare ta da zaɓi uku, kuma an san ta da amon sifirin mai daɗi. Oceans 11 ta kamfanin ɗaya, ta 2018, ta fi ta yawan aiki nesa ba kusa ba. Behringer DR600 ta bi tsarin RV-5 a kan kuɗi kaɗan. Akwatinta na roba ne, ya isa ga mai kiɗa a gida, amma mai yawo da kaya kullum ya yi hattara da shi. Zoom MS-70CDR kuwa feda ɗaya ce mai tarin amo da maimaici, kana iya jera har guda shida a lokaci ɗaya. Tana bukatar haƙurin shiga allonta kana saitawa, amma ga wanda bai riga ya san irin amon da yake so ba, makaranta ce mai kyau.

Sai ƙananan fedojin Mooer da Joyo da Flamma da NUX da Donner. Akwai masu kyau sosai a cikinsu, sai dai ingancin ƙira kan bambanta daga ɗaya zuwa ɗaya, don haka kada ka saye su sai inda za a karɓa a mayar maka da kuɗi in ta zo da matsala. Ƙananan ba su da wurin batir, sai adafta.

A ganina, tsohuwar fedar kamfanin da ya kafu, wadda aka riƙe da kyau, ta fi sabuwa dal marar suna a kan kuɗi ɗaya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne a zahiri a nan, domin ranar da za ka sayar da Boss ko TC ta hannu kusan kuɗinka za ka samu, marar suna kuwa da ƙyar a taya.

Yadda ake gwada ta

Bidiyon gwaji na intanet yana da amfani wajen sanin salon feda, amma ka tuna an ɗauke shi da amfilifaya mai tsada da makirfo mai kyau, sau da yawa kuma a sitiriyo, wanda ke sa kowane amo ya yi faɗi. Kai kuma wataƙila amfilifaya ɗaya gare ka. In da hali, je da jitarka, ka gwada a amfilifaya irin taka, da sauti tsabtatacce, an kashe amon amfilifayar.

Da farko kaɗa ba tare da fedar a layi ba, ka riƙe sautin a kunnenka. Sannan ka saka ta a kashe ka sake kaɗawa. Idan haske ya ragu ko ƙarfi ya sauka, fedar na cin sauti tun ba a kunna ta ba. Daga nan ka kunna ta, ka mayar da mamurɗin gauraya ƙasa gaba ɗaya. Abin da ka ji ya kamata ya zama daidai da lokacin da take kashe. Wasu fedoji, irin su Hall of Fame, suna barin busasshen sautin ya wuce ta hanyarsa ba tare da an juya shi zuwa dijital ba, su ɗora amo kawai a kai. Wasu masu araha kuwa suna tura komai ta ƙwaƙwalwar, kuma in mai juyawar ba ta da kyau sai jitar ta fito siririya ko a daskare.

Gwaji mafi muhimmanci shi ne na wutsiya. Ɗaga gauraya zuwa tsakiya, tsawon wutsiya zuwa kashi uku cikin huɗu, ka kaɗa tsirkiya ɗaya da ƙarfi ka dafe ta nan take, sannan ka yi shiru ka bi amon da kunne har ya ƙare. Amo mai kyau yana narkewa sumul. Marar kyau yana nuna kansa ta hanya uku: ko ka ji ƙarar ƙarfe kamar an bugi bututu, domin wasu muryoyi sun fi sauran daɗewa, ko ka ji karkarwa, far-far-far, domin dawowar ba su da yawan da za su haɗe, ko kuma wutsiyar ta yanke kwatsam ko ta koma ƙaiƙayi a ƙarshe. Yi wannan a tsirkiya mai kauri da kuma siririya can ƙasan wuyan jita, domin wata fedar ta iya ɗaya ba ta iya ɗaya ba.

Bayan haka ka kaɗa duka tsirkiyoyi shida da iyakar ƙarfinka. In ka ji tsagewa mai kaushi, mashigar fedar ba ta iya ɗaukar ƙarfin fikof ɗinka, abin da ya fi faruwa da fikof mai naɗi biyu ko mai batir. A ƙarshe rufe mamurɗin ƙarar jita, ka ɗaga amfilifaya, ka saurari shuu ɗin da fedar ke ƙarawa tana kunne da tana kashe. Kaɗan ba komai. Wanda kake ji daga nesa da sifika zai dame ka kullum.

Akwai kuma maganar abin da ke faruwa da wutsiya idan ka take makunni ka kashe. A feda mai True Bypass, sauti na bi ta waya kai tsaye in an kashe, don haka amon yana yankewa a tsakiya. A mai Buffered Bypass ana iya barin wutsiyar ta ƙarasa, abin da ake rubutawa Trails ko Tails. Ga fedar amo na biyun ya fi daɗi, kuma yana taimakawa in jimlar wayoyinka ta wuce mita biyar ko shida, inda haske ke fara zubewa. Hall of Fame da Oceans 11 suna da ɗan makunni a ciki, sai ka buɗe murfin ƙasa ka zaɓa.

Wuta, inda mafi yawan matsala take

Da yawa daga fedojin da ake zargi da ƙugi ko fito lafiyarsu ƙalau, adaftar ce marar kyau. Abu uku za ka karanta a jikin fedar ko takardarta. Na ɗaya bolt: galibi 9 ne, na DC, kuma dole ya zo daidai. Na biyu fuskar wutar: ƙa'idar fedojin jita ita ce tsakiyar filogi ta zama negatib, filogi mai milimita 2.1. Adaftocin kayan gida da yawa akasin haka suke, tsakiyarsu fozitib ce, wasu ma bolt 12 ne, kuma filoginsu yana shiga daram. Saka irin wannan, ko adaftar 9 ta AC, kan ƙona feda cikin ƙiftawar ido. Na uku miliamf, wato mA: adaftar ta ba da daidai abin da fedar ke nema ko fiye. Fiye ba ya cutarwa, fedar abin da take bukata kawai take ja. Ƙasa da haka kuwa sai ta riƙa ɗaukewa, ko ta kunna fitila babu sauti.

Fedar amo ta fi fedar kaushin sauti, wadda ake rubuta wa Overdrive ko Distortion, jan wuta sau da yawa. Hall of Fame na neman 100 mA, Oceans 11 na neman 150, MXR M300 kuwa 240. Batir mai bolt 9 yana ɗauke da wajen 500 mAh ne, wato wutar da feda mai jan 100 mA za ta cinye cikin kamar sa'a biyar, ka ga 'yan sa'o'i kaɗan zai yi. Saboda haka ka sa kuɗin adafta cikin lissafinka tun farko. In kana amfani da batir, zare wayar mashiga idan ka gama, domin ita ce ke kunna wutar.

Idan ka jera fedoji da yawa a waya ɗaya mai rassa daga adafta guda, fedar dijital na iya zuba wani siririn fito cikin layin, fedar kaushi kuma ta ƙara masa ƙarfi. Gane shi ba wuya: ba fedar amon adaftarta ita kaɗai. In fiton ya ɓace, ka samo dalilin, maganinsa kuma adafta ta daban ce ko akwatin wuta mai mafita a ware.

Idan ta hannu ce

Juya kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe amfilifaya na kunne. Ƙaiƙayi kaɗan ƙura ce, feshin wanke sassan lantarki na maganinsa. Mamurɗin da ke tsallake ko yake lilo a gindinsa kuwa sai an canja. Take makunni sau ashirin a jere, kowane taku ya amsa. Girgiza kan waya a mashiga da mafita da ramin wuta a hankali: in sauti na ɗaukewa ko fitila na ƙyaftawa, dalma ta tsage a allon ciki. Wannan gyara ne mai sauƙi ga mai gyaran lantarki, amma dalili ne na rage kuɗi. Buɗe wurin batir ka duba farin gari ko koren tsatsa, ka kuma sunsuna ramin wuta, domin warin ƙuna ba ya ɓoyuwa. Bi kowane nau'in amo ɗaya bayan ɗaya, sannan ka bar ta a kunne minti goma, tunda wata matsalar sai ta ɗumama take fitowa. Kojewar fenti ba ta taɓa sauti. Abin da za ka guje wa shi ne fedar da ke wuce busasshen sauti amma ba amo, domin alama ce ƙwaƙwalwar ta mutu, kuma gyaranta kan fi kuɗin fedar.

Inda za ka sa ta da yadda za ka saita

Fedar amo ita ce ta ƙarshe a jeri, bayan ta kaushi da ta maimaici. In ka sa ta gaban ta kaushi, wutsiyar ma za a tsage ta a ɗaga ta, komai ya dagule. Haka abin yake in kaushinka daga amfilifayar yake fitowa: nan sai ka yi amfani da ramukan baya, waya daga Send zuwa mashigar feda, wata daga mafitarta zuwa Return. Wasu amfilifayoyi suna fitar da sauti mai ƙarfi ta nan fiye da abin da ƙaramar feda ke ɗauka. In ka ji tsagewa, duba ko akwai makunni mai +4 da -10 ka mayar da shi -10, in babu kuma ka dawo da fedar gaba ka rage kaushin.

Ka ɗauki mamurɗi kamar fuskar agogo. Fara da gauraya a ƙarfe tara, tsawon wutsiya a ƙarfe goma sha ɗaya, haske ɗan ƙasa da sha biyu. Ɗaga gauraya a hankali har ka fara jin amon sarai, sannan ka ɗan koma baya. Kiɗa mai sauri yana son gajeriyar wutsiya, kada amon kaɗawar farko ya hau kan ta uku. Kiɗa mai jan hankali yana ɗaukar doguwa, amma duk sa'ad da ka tsawaita wutsiya ka rage gauraya, in ba haka ba jitar za ta koma can nesa. Sake saitawa a duk wurin da ka je: ɗaki mai labule da kafet yana shanye amo, sai ka ƙara, zaure mai siminti da dogon rufi kuwa ya riga ya ba ka nasa, a nan rabin abin da ka saba sawa a gida ya isa, wani lokaci ma gajeren faranti kaɗai.